Injin wanki ya tsaya da ruwa a ciki: littafin aikin gyara, Yamai

Litinin, 3 ga Fabrairu 2025

Injin na wani ƙaramin gidan wanki da guga ne a unguwar Yantala. Mai ƙofa ta gaba ne, kilo 8, na hannu da aka shigo da shi daga Turai. Yana jan ruwa lafiya, yana wanki lafiya, amma da ya zo fidda ruwa sai ya tsaya, ƙofa a kulle, kaya jiƙe sharkaf, lamba tana ƙyaftawa a allo.

Kowane kamfani da irin lambarsa. A LG OE ce. A Samsung 5C ko 5E, wadda mutane da yawa ke karantawa SE saboda yadda 5 ke fitowa a allon. Bosch da Siemens suna nuna E18 ko F18, Electrolux da Zanussi E20 ko E21, Candy E03, Indesit F05. Duk magana ɗaya suke yi: katin lantarki ya kunna famfon fidda ruwa, ya jira mintocin da aka ƙayyade masa, bai samu labarin cewa ruwa ya sauka ba. Lambar ba ta ce famfo ya mutu ba. Wannan shi ne abin da ke sa ake sayen famfo sabo a banza.

Kafin a taɓa komai, tambayoyi biyu ne. Lokacin da lambar ta fito, akwai ruwa a ganga ko babu? Kuma ana jin ƙugin famfo ko shiru? A nan ruwa ya kai ƙasan gilashin ƙofa, famfo kuma yana gunji can ƙasa-ƙasa. Ke nan wuta tana isa gare shi, ruwan ne ba ya wucewa.

An cire waya daga bango, an rufe famfon ruwan shiga. A ƙasa ta dama akwai ɗan murfi, bayansa siririn tiyo mai toshiya da kuma babban marufi mai murɗawa, wato filtir. Ta siririn tiyon ake fara zubar da ruwa, a cikin faranti mai faɗi, ana juyewa a bokiti, don tiyon yana ƙasa sosai, bokiti ba ya shiga. Ruwan da ya fito ya kusa cika bokiti mai lita 20. Wanda ya yi gaggawa ya murɗe filtir kai tsaye, duk wannan ruwan a tsakar ɗaki zai same shi, kuma idan wankin ruwan zafi ne har da ƙuna.

Abin da aka samu a filtir: dala ashirin guda, dala goma guda biyu, fil ɗin ɗaura kallabi, zare da ya cukuikuye da gashi, sai yashi da ya kwanta a ƙasan ramin kamar cokali biyu. Dala goman ɗaya ta tsaya a tsaye daidai bakin hanyar da ruwa ke bi zuwa farfelar famfo, wadda ke tura ruwa waje. An wanke filtir da tsohon buroshi, an share ramin da tsumma, an haska tocila: farfela tana nan da fukafukanta, ba wanda ya karye. An mayar, an ɗaure da hannu kawai. An sa shirin fidda ruwa da matsa. Ya fidda, ya matse, ƙofa ta buɗe.

An gaya wa mai wurin a riƙa lalube aljihu kafin a zuba kaya, musamman aljihun gefen manyan riguna.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Lambar ta dawo. Wannan karon ba a wankin farko ba, sai a lodi na uku ko na huɗu, wajen azahar, kuma a ɗauraya ta ƙarshe. Idan aka bar injin ya huta kamar rabin awa, aka sake kunna shi, sai ya fidda ruwan kamar ba abin da ya faru. Filtir tsaf yake.

Matsalar da ke zuwa bayan aiki ya yi nisa, ta tafi bayan hutu, zafi take nunawa. A jikin naɗin wayar famfo akwai ɗan makarin zafi da ke yanke wuta idan naɗin ya ɗau zafi fiye da kima, ya mayar idan ya huce. To me ke sa famfon zafi? Ko dai ya gaji a kansa, ko kuma yana tura ruwa ta hanyar da ta fi ƙarfinsa.

Sai aka bi tiyon fidda ruwa daga bayan inji har ƙarshensa, abin da ya kamata a yi a kowane irin wannan aiki. Tiyon asali an haɗa shi da guntun tiyon ban ruwan lambu, aka naɗe mahaɗar da robar taya. Daga nan ya hau ta taga, tsayin ya kai kusan mita 1 da rabi daga ƙasa, ya sauka waje, ya bi gindin katanga kamar mita 5 zuwa ramin ruwan wanki. A wuri ɗaya an ɗora bulo a kansa don kada iska ko awaki su ja shi, bulon kuma ya lotsa shi.

Famfon injin wanki ƙaramin abu ne, wat 30 zuwa 40. An yi shi don ya ɗaga ruwa ƙasa da mita guda ta tiyo mai faɗin kusan santimita 2 a ciki. Littattafan yawancin injuna suna cewa bakin tiyo ya tsaya tsakanin santimita 60 da 90 daga ƙasa, wasu har 100. Tiyon lambun nan faɗinsa bai wuce santimita 1 da rabi ba.

Gwaji mai sauƙi: aka zuba lita 15 a ganga, aka raba mahaɗar, aka sa tiyon asali a bokiti a tsayin santimita 70. Ruwan ya ƙare cikin minti ɗaya da ƴan daƙiƙu. Aka maimaita ta tsohuwar hanyar taga: ya haura minti huɗu, ruwan yana fita a bakin ramin kamar na buta. Ba a bukatar mitar awon lantarki don a gane wannan.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

An sake hanyar ruwa gaba ɗaya. An sayo bututun roba mai faɗin milimita 40 a kasuwar Katako, da gwiwa biyu da gam ɗinsu. An huda katanga can ƙasa, an kafa bututu a tsaye bayan inji, bakinsa santimita 70 daga ƙasa, sauran kuma ya kwanta da ɗan gangare har ramin. Tiyon inji ya shiga bakin bututun kamar santimita 12, an rataye shi da lanƙwasasshen marikinsa, ba a liƙe bakin ba. Dole iska ta samu hanyar shiga a wurin. Idan aka liƙe, ko aka tura tiyon can ƙasa har ya nutse a ruwa, bututun zai riƙa zuƙe ruwa daga inji tun yana cika, ko ruwan datti ya komo ciki bayan famfo ya tsaya. Haka ma idan aka yar da tiyo a ƙasa warwas: ruwa yana shiga yana fita, sai injin ya kawo wata lamba dabam, ta rashin cika.

Tiyon asalin ma an cire shi an ɗura masa ruwa da ƙarfi daga baya. Wani baƙin abu mai santsi ya fito, gaurayen sabulu da zaren tufa da ya manne a cikin tiyon.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kwana biyu lafiya lau, yau da yamma lamba ta sake fitowa. Amma sautin ya canja: famfo yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ruwa yana fita kaɗan-kaɗan. An ɗauko injin zuwa shago.

Don a kai ga famfo, a wannan samfurin ta ƙasa ake shiga. An zubar da ruwa tas, an cire aljihun sabulu, an kwantar da injin a gefensa a kan kwali, gefen aljihun sabulu a ƙasa, don sauran ruwa kada ya gangara kan kati. An ɗauki hoton wayoyi kafin a zare su. Kusoshi uku ne ke riƙe da motar famfo a jikin gidanta.

Awon farko da mita a kan om, wato awon tirjiyar naɗin waya, tsakanin ƙafafun famfo biyu: 187. Irin waɗannan famfunan na bolt 220 yawanci tsakanin 150 da 250 suke bayarwa, don haka naɗin bai ƙone ba, bai kuma yanke ba. Tsakanin kowace ƙafa da ƙarfen jiki mita ba ta nuna komai ba, wuta ba ta zuba. Wanda ya tsaya a awon mita zai ce famfon nan lafiyarsa ƙalau.

Hannu ne ya faɗi gaskiya. Cikin famfon akwai maganaɗisu, shi ya sa idan ka juya farfelar mai lafiya da yatsa za ka ji tana tirjiya, tana tsalle mataki-mataki. Akwai ɗan wasa da aka bar mata da gangan kafin ta kama sanda, don motar ta samu tashi ba nauyi, amma wasan bai kai zagaye guda ba. Wannan kuwa tana juyawa zagaye bayan zagaye ba ta kama komai, sai an danna ta ciki. Kuma idan aka girgiza ta gefe da gefe tana rawa. Da aka zare ta, ga yashi a bayanta, robar da ke tare ruwa a jikin sandan ta cinye, ruwa mai tsatsa ya fito daga ramin maganaɗisu.

Yashi ne ya yi wannan aikin, kuma a hunturu irin na yanzu ba abin mamaki ba ne. Barguna, dardumai da labule suna zuwa gidan wanki cike da ƙura, ana zuba su a inji ba a kakkaɓe ba. Ƙurar ba ta narkewa. Tana kwanciya a wuri mafi ƙasa, wurin kuwa shi ne famfo. Ƙara da watannin da ya yi yana tura ruwa ta taga. Idan famfon yana sanyi farfela tana ɗan kamawa, idan ya yi zafi roba ta saki, sanda yana juyawa shi kaɗai.

An cire kuma babban tiyon baƙi mai kama da zugazugi da ke tsakanin tanki, wato mazubin ruwan da ganga ke juyawa a ciki, da famfo. A cikinsa akwai ƙwallon roba da ke hana sabulu gangarawa famfo a farkon wanki. An samu safar jariri ɗaya ta naɗe a ƙarƙashin ƙwallon. Ƙananan kaya irin wannan ta tsakanin ganga da robar ƙofa suke zamewa. Wannan tiyon ba a ganinsa ta ramin filtir, sai an matsa shi da hannu a ji ko akwai abu mai tauri, ko a cire shi.

Talata, 11 ga Fabrairu

An samu famfo a Katako. Ba lallai sai na sunan kamfanin inji ba, domin kamfanoni kaɗan ne ke ƙera famfunan, irin su Askoll da Plaset, injuna da yawa kuma su suke ɗauka. Abin da ake dubawa, da tsohon a hannu: bolt 220 zuwa 240 da hez 50 (saurin jujjuyawar wuta) a rubuce a jiki, wat ɗaya ko kusa, yadda ake ɗaure shi (kusoshi uku ko kunnuwa masu murɗawa), faɗin farfela da tsawonta, da wurin da ƙafafun waya suke. Kayan da aka yi don Amurka bolt 120 ne da hez 60, ba su yi a nan. Na hannu da aka ciro daga mataccen inji yana iya yi, amma a juya farfelarsa a girgiza ta tun a gaban mai kaya. Mun zaɓi sabo, tunda injin kasuwanci ne.

Wani abin lura ga masu gwada famfo da waya kai tsaye daga bango: wannan na famfo mai ƙafa biyu ne kawai, kuma na daƙiƙu kaɗan, don ruwa ne ke sanyaya shi. Wasu sababbin injuna suna da famfo mai waya uku da kati ke sarrafawa da ƙaramar wuta. Idan aka ba irin wannan 220, lalacewa yake yi nan take.

An goge mazaunin, an sa zoben robar da ya zo da sabon, an ɗaure kusoshi a hankali don gidan roba ne, yana tsagewa. An mayar da zugazugin da zoben matse shi. Gwajin lita 15: daƙiƙa 50. An bar shi ya yi gajeren wanki babu kaya, ana duba ƙasa da tocila. Babu ɗigo.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Tsugune ba ta ƙare ba. An kira daga gidan wankin bayan sallar Juma'a: lamba ta fito, "famfon da kuka sa bai yi ba". Amma da aka tambayi yaron da ke kula da injin ko akwai ruwa a ciki, ya ce babu ko ɗigo, sai kumfa a jikin gilashi, famfo kuma ya daɗe yana ta aiki kafin lambar ta zo.

Wannan wata matsala ce dabam da ke sanye da lamba iri ɗaya. Kati ba ya ganin ruwa da ido. A ƙasan tanki akwai wani ɗan kwalbar roba da iska ke maƙalewa a ciki, daga samanta siririn tiyo ya hau zuwa firesosta, wani ɗan faifai da ke maƙale a sama kusa da murfi. Ruwa ya hau, ya matse iskar, firesosta ya sanar da kati. Ruwa ya sauka, iska ta saki, ya sanar cewa tanki ya zama fanko. Idan bakin kwalbar ya toshe da daskararren sabulu da laka, iskar tana shiga da kyar, ta kasa komowa. Ruwa ya tafi, firesosta yana nan yana cewa akwai ruwa. Kati ya ci gaba da kunna famfo har lokaci ya cika, ya kawo lamba, kuma ba zai yarda a matse kaya ko a buɗe ƙofa ba.

An cire murfin sama, kusoshi biyu ne a baya. An zare siririn tiyon daga firesosta, aka ji ɗan "fis" na iska ta fita, alama ce ƙarara tunda tanki babu ruwa. Aka hura tiyon zuwa wajen tanki: da farko ya ƙi, sai da ƙarfi ya buɗe da ɗan ƙara. Hurawa tana buɗe hanya na kwana biyu ne kawai, don haka an ciro kwalbar gaba ɗaya. Rabin cikinta farin abu ne mai kauri gauraye da jan ƙasa. An jiƙa ta a ruwan zafi, an sosa da waya mai laushi da ɗan buroshin kwalba har haske ya ratsa. An duba siririn tiyon tsawonsa duka, ko ya goga da jikin tanki ya huje. Huji yana kawo akasin wannan: inji ya yi ta jan ruwa ba ya tsayawa.

Firesosta ɗin wannan injin na lantarki ne, mai waya uku. Tsohon samfuri mai faɗi, idan ka hura shi a hankali za ka ji ƙas, ka saki ka ji ƙas. Na lantarki ba ya ƙara, kuma hura shi da ƙarfi yana lalata shi. An bar shi yadda yake. Abu ɗaya da ba a mantawa: siririn tiyon ana mayar da shi ne tanki yana fanko, in ba haka ba awon ruwa duka zai karkace.

Sai maganar kumfa. Garin sabulun da ake amfani da shi a wurin na wankin hannu ne, irin na ƙananan leda, ana zuba leda uku a lodi ɗaya. An yi shi ne don ya yi kumfa a baho. A inji mai ƙofa ta gaba, ganga tana bugun ruwa, kumfa ta cika tanki, farfela kuma ba ta iya tura kumfa, tana juyawa ne a iska. Kumfar ma tana danna iskar firesosta kamar ruwa. Wasu injuna suna da lamba ta musamman a kan haka, Samsung yana rubuta SUD ko 5d, wasu kuma lambar fidda ruwa kawai suke kawowa. An ce su koma sabulun da aka rubuta na inji ne, su bi ma'aunin da ke jikin kwalin, kaya masu ƙura kuma a kakkaɓe su a waje kafin a zuba. Hajiya mai wurin ta ce masu kawo kaya suna son su ji ƙamshi. Wannan aikin ruwan ƙamshi ne a ɗauraya ta ƙarshe, yana da nasa gurbi a aljihun sabulu.

An yi wanki babu kaya a digiri 90 don ya narkar da abin da ya rage a tanki da tiyo. Ruwan da ya fito toka-toka ne.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Babu lamba tun Juma'a. An yi amfani da damar an auna wuta a ƙafafun famfo lokacin da yake aiki: bolt 224. Da wannan an cire zargi daga waya da kati. Da a ce famfo shiru ne kuma mita ba ta ga wuta ba, sai a bi waya daga famfo zuwa kati, musamman inda take gogar jikin ƙarfe ko inda ɓera ke kaiwa, sannan a duba tiriyak ko rilen da ke kunna famfo a kan kati, da dalmar ƙafafunsa. Kati shi ne na ƙarshe a layi, shi ya fi tsada, kuma shi ya fi ƙarancin zama mai laifi a wannan lambar. Awon nan da wuta a jiki ake yinsa, kusa da ruwa, ba aikin ɗan koyo ba ne.

Filtir ya tara ɗan yashi cikin kwana uku kacal. An nuna wa yaron yadda ake buɗe shi, an ce kowace Asabar, da duk ranar da aka wanke barguna.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Lamba ta fito sau ɗaya jiya da rana, lokacin da wuta ta ɗauke aka tada gurup, wato janareta, da dutsen guga biyu a kansa tare da injin. Yaron ya ce famfo ya yi gunji bai tashi ba. Da wuta ta dawo ya fidda ruwan nan da nan. Motar famfo irin wannan ba ta da ƙarfin tashi sosai, gudunta kuma yana bin hez ɗin wuta, don haka idan gurup ya yi nauyi, bolt ya faɗi, tana iya tsayawa tana rawa a wuri ɗaya. Ba a auna ba tukuna, sai an samu gurup ɗin yana aiki da nauyinsa na kullum. Kafin nan an ce kada a haɗa guga da inji a kansa.

Akwai kuma ɗan danshi a ƙarƙashin marufin filtir. Zoben robarsa ya taurare, yana da tsaga ƙarama a gefe ɗaya. An juya shi an shafa masa ɗan man silikon, ɗigon ya tsaya, amma sabo ake nema. An auna shi, an ba da saƙo a Katako.